Horon wasan kwaikwayo a laburaren garinmu

Jama'a wallahi shirin koya wa yara dirama da aka yi a laburaren ƙaramar hukumarmu nan Jigawa lokacin dogon hutu ya yi. Ƙanwata da ko gaban baƙi ba ta iya buɗe baki yanzu ita ke haddace maganganunta tana ɗaga murya, kuma fa sai yaro ya karanta labarin da kansa kafin a sa shi a wasa, to ka ga karatu ma ya gyaru. Maza daban mata daban, ana tashi kafin la'asar saboda Islamiyya. Matsalar kawai ɗakin ya yi kaɗan, ga zafi in an ɗauke wuta. Don Allah iyaye baɗi ku kai naku.