Gidan tarihin Gilbert White a Selborne: a fara da tudu kafin a shiga ɗakuna

Gidan tarihin Gilbert White yana ƙauyen Selborne a gundumar Hampshire, kudancin Ingila. Ya cancanci a ba shi yini guda, amma wanda ya tsaya a cikin ɗakuna kawai ya bar rabin abin da ya je gani. White limamin coci ne kuma masanin tsuntsaye da sauran halittu, an haife shi a ƙauyen a 1720, a nan kuma ya rasu a 1793. Karusa tana sa shi jiri, don haka yawancin yawonsa a kan doki ne ko a ƙafa. Littafinsa na 1789, The Natural History and Antiquities of Selborne, wasiƙu ne, 44 zuwa ga Thomas Pennant, 66 zuwa ga Daines Barrington, dukansu masana halittu na zamaninsa, yana bayanin ƙasar ƙauyen, rijiyoyinsa, hanyoyinsa, tsuntsayensa da yawan mutanensa. A karanta ko da wasiƙun farko ne kafin a taso, domin su ne taswirar wurin.

Daga Landan ana hawa jirgin ƙasa a tashar Waterloo zuwa Alton, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Daga Alton saura kamar kilomita 7. A nan mutane ke samun matsala: bas ba ta yawaita a hanyar, don haka a shirya tasi tun da wuri, har da ta komowa.

In an iso, a fara da tudun da ake kira Hanger, wanda ya tashi kusan mita 90 a bayan ƙauyen, itatuwa sun rufe shi. White da ƙanensa John ne suka sare hanyar da ke hawa shi tana lanƙwasa dama da hagu a 1753, kuma har yau ita ake bi, ba a biyan ko kwabo. Ƙasar alli ce, da an yi ruwa sai ta yi santsi sosai, musamman wajen saukowa. A sa takalmi mai kama ƙasa. Daga sama ake ganin gidan da cocin da gonaki a jere kamar yadda White ya siffanta su, kuma a irin waɗannan itatuwa ne ya bambanta wasu ƙananan tsuntsaye iri uku masu kama da juna galibi ta hanyar kukansu, a zamanin da masana ke dogara da gawar tsuntsu a kan tebur. Wannan haƙurin sauraro shi ne darajar mutumin.

Lambun ya fi ɗakunan kyau. An maido shi bisa abin da White ya riƙa rubutawa a kundin lambunsa tun 1751: kayan miya, furanni, da ramin da aka gina wa bango a gefe ɗaya don hana dabbobi shiga ba tare da an tare wa ido hanya ba. Yakan shuka wani dangin kankana da ake kira melon, da kokwamba, a kan tarin kashin doki mai ɗumi, saboda sanyin ƙasar ba ya barinsu su nuna a fili.

A cikin gidan, wanda ake kira The Wakes, abin da ya fi daraja shi ne rubutun littafin na asali da hannunsa, sai babban falon da ya gina a 1777. Za a ji labarin kunkurunsa Timothy, wanda ya gada daga gwaggonsa a 1780, amma ƙoƙon bayansa yana gidan tarihin halittu na Landan. Akwai kuma shakkar da ta dame shi har mutuwarsa, ko tsattsewa na ɓuya ne ta yi barci lokacin hunturu. Yanzu an san ƙetare Sahara take yi, tana bi ta Afirka ta Yamma zuwa kudancin nahiyar.

Wani sashe na gidan na iyalin Oates ne: Lawrence, wanda ya mutu a Antatika a 1912, da Frank, wanda ya yi yawo a kudancin Afirka. Ba su da alaƙa da White. Kuɗin wani daga cikin danginsu ne ya sa aka iya buɗe gidan a 1955. Sashen yana da kyau, sai dai yana raba hankali, gara a bar shi ƙarshe.

Akwai wurin shan shayi da cin abinci, ana kuma sayar da giyar da ake dafawa a harabar, don haka mai kiyaye halal ya tambayi abin da ke cikin abinci. Kabarin White yana cocin St Mary a tsallaken titi, ɗan dutse ne mai haruffan G.W. da ranar rasuwarsa, ana iya wuce shi ba a lura ba. Mayu da Yuni ne lokacin da ya fi, tsuntsaye sun dawo, lambu ya cika, tudun kuma ya bushe.