Tafiya daji da uba ko da tsara: wanne ya dace da 'yarka?

Malam, ka ce 'yarka shekararta 12, ta fara ɗari-ɗari da kai, kana tambaya ko ka sa ta a shirin da uba ke fita zango tare da 'yarsa, ko wanda za ta tafi da tsaranta a hannun masu horo. Kowanne da irin ciwon da yake magani.

Na farkon, sanannen misalinsa shi ne wanda ƙungiyar matasa ta YMCA ta fara a birnin Fresno na Amurka a 1954, yanzu ana kiransa Adventure Guides. Uba da 'ya su kafa tanti, su hura wuta, su tuƙa kwale-kwale. Ribarsa hira. Yarinyar da a gida ba ta wuce "e" da "a'a", idan kuna tafe a jere ba mai kallon idon wani, sai ka ji bakinta ya buɗe. Matsalarsa kuwa uban ne da kansa. Da ya ga igiyar tanti ta harɗe mata sai ya ce "kawo ki gani", ya karɓi jakar, ya karɓi taswirar, ita ta koma 'yar rakiya. Tausayi ne, na sani, amma haka za ta dawo ba ta koyi komai ba.

Na biyun kamar shirin matasa na lambar yabo ta Duke of Edinburgh ne, wanda aka kafa a Birtaniya a 1956, yanzu na 'yan shekara 14 zuwa 24 ne. Matakin farko tafiyar yini biyu ce da kwana ɗaya a waje, na ƙarshe yini huɗu da kwana uku. Ƙaramin rukuni ne, su ɗauki kayansu, su yi girkinsu, mai sa ido yana daga nesa. In sun ɓace hanya, su za su tsuguna da taswira su warware. Wannan yana koya tsayawa da ƙafa, sai dai ba zai gyara tsakaninku ba, labari kawai za ka sha.

Tunda abin da ke damunka nisan da ta yi da kai ne, kuma shekarunta ba su kai na biyun ba, ni dai na farko zan ce. Amma ka miƙa mata taswirar, ka sa hannuwanka a aljihu ko da ka ga ta nufi hanyar da ba ita ba. Kafin ka biya, tambayi ko akwai mata cikin masu kula da shirin, da wanda ya iya taimakon gaggawa.