Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin OOP, tambayi wanne za a koya maka

Masanan ma bakinsu bai zo ɗaya ba kan ma'anar OOP (object-oriented programming, wato salon rubuta manhaja inda ake tsara ta a matsayin abubuwa masu hulɗa da juna), shi ya sa kwas biyu masu suna ɗaya kan koyar da abubuwa daban. Ɓangare guda ya taso daga Simula, yaren rubuta manhaja da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fitar a Norwe a 1967. A wurinsu magana ce ta aji (tsarin da ake fitar da abubuwa iri ɗaya daga gare shi) da gado, wannan aji ya gaji halayen wancan. Yarukan C++ da Java wannan layin suka bi. Ɗaya ɓangaren na Alan Kay ne, wanda ya raɗa sunan OOP, ya kuma jagoranci aikin yaren Smalltalk a cibiyar bincike ta Xerox PARC a shekarun 1970. Shi a ganinsa saƙo ne ƙashin bayan abin: kowane abu ya riƙe sirrinsa, kai dai aika masa buƙata, yadda zai biya ta ba ruwanka.

Ni nan na karkata, ba na ɓoyewa. Sauke Pharo, jikar Smalltalk, kyauta ce. In ka rubuta 3 + 4, saƙon tarawa ka aika wa 3. Hatta sharaɗin "idan" saƙo ne da ake aika wa gaskiya ko ƙarya. Manhaja na tsaka da aiki za ka leƙa cikin abu, ka gyara, ta ci gaba. Guraben aikinta kaɗan ne, na yarda, amma tana saita tunani. Java ta mai gaggawar neman aiki ce. C++ kuwa bar shi tukuna.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne yadda kwas ke ɗaukar gado. Na taɓa biyan kuɗin wani kwas, wata guda cur muna Kare ya gaji Dabba, Kyanwa ta gaji Dabba. Da na kama aiki na jera gado hawa shida, na taɓa layi ɗaya a sama, rasit ya daina fita a ƙasa. Kwana uku ina laluben dalili.

'Yan damfara kuma sun cika fagen. Wanda ya ce za ka ƙware cikin mako guda, rufe shafinsa. Wasu bidiyon YouTube suke kwasowa su liƙa tambarinsu. Wasu haddar "ginshiƙai huɗu", wato manyan ƙa'idojin da aka saba lissafa wa OOP, kawai za su ba ka, sai satifiket mai ƙyalli da ba wanda ya san shi. Nemi jadawalin darussa da sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce, ka kuma tambayi malamin yaushe ne bai kamata a yi amfani da gado ba. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.