Dillalin da ya bar ni na hau sikeli da motarsa

Wata huɗu na yi ina neman motar tafi-da-gidanka ta hannu, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Dillalai uku na gani kafin wannan, kuma da zarar na ce a kai ta sikelin manyan motoci sai fuska ta canza. Ɗaya ma cewa ya yi, "Ai nauyin yana rubuce a jikinta." Akwai ɗan farantin ƙarfe kam, amma abin da ke kansa iyakar nauyin da aka yarda ta kai ne, ita da kaya da mutane. Ba ya gaya maka nawa ta kai yau, bayan mai ita na farko ya ƙara mata rumfa da faifan sola da batir na biyu.

Wannan dattijon bai ja da ni ba. Na ce, "Baba, ina son in auna ta." Ya ce in nuna lasisi, in biya kuɗin awon da kaina, yaronsa ya raka ni. Shi ke nan.

Farantin ya ce kilo 3,500, wanda a Turai shi ne iyakar abin da lasisin ƙaramar mota ya ba ka damar tuƙawa. Sikeli ya nuna 3,190, tankin mai a cike, ruwa babu ko ɗigo, ni kaɗai a ciki. Saura 310 ke nan. Tankin ruwan lita 100 yake ci, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce. Na cire wannan, na cire uwargida da yara biyu da tukunyar gas, na ga abin da ya rage bai kai kilo 50 ba. Akwati biyu sun cinye shi, ba a zo maganar tukwane da barguna ba. Muka sake ɗora ƙafafun baya su kaɗai, ashe su ma sun kusa iyakarsu, don banɗaki da ma'ajiyar kaya duk a baya suke.

Da muka dawo ya bar ni na bi bango da na'urar auna danshi. Ko'ina ƙasa da kashi 15 cikin ɗari take nunawa, sai ƙarƙashin tagar gado da ta haura 20. Na danna wurin da babban yatsa, katakon ya lotsa kamar soso. Tayoyin kuma zanensu bai ci ba, amma lambar gefensu 2316 ce, wato mako na 23 na 2016 aka ƙera su.

Inda na ga gazawarsa shi ne firji. Na roƙa a kunna shi tun daren jiya, don irin mai aiki da gas sai ya yi awanni kafin ya yi sanyi. Aka manta, na tafi ban san lafiyarsa ba.

Ba na ganin laifin mai sayarwa in ya ce sai ya ga lasisi da inshora, ko sai an raka ka, tunda wasu yawon buɗe ido kawai suke zuwa yi da man mutane. Wanda ya hana awo ɗungurungum shi nake zargi.

Ban sayi motar ba, kuma bai ɗaure min fuska ba. Bayan mako biyu ya kira ni, wai wata ta shigo, har ya riga ya kai ta sikeli, takarda na hannunsa. Na ce duk da haka zan sake aunawa ina ciki. Ya yi dariya ya ce in zo ranar Asabar, zai kunna firjin tun Juma'a.