Ƙarfe nawa ya kamata a shiga jirgin ruwa ranar tashi? Abin da na gani a Jidda

Tun da muka dawo Damagaram ƴan uwa ke tambayata yadda yawonmu na jirgin ruwa a Bahar Maliya ya kasance, kuma kusan kowa kan abinci da kuɗi yake tsayawa. Ni kuwa abin da nake so mai niyya ya fara sani shi ne lokacin da zai isa tashar jirgin ranar tashi, musamman in yana tare da dattijo. Ni da mahaifiyata muka yi tafiyar bayan Umra, kuma gwiwoyinta ba sa ɗaukar doguwar tsayuwa.

Mu nan sammako muka sani. Mai zuwa Yamai tun cikin dare yake tashar bas, saboda kilomita wajen 900 ke gabansa. A jirgin ruwa sammako bai da amfani. Yawanci da safiyar ranar jirgin ke dawowa da matafiyan da suka gabata, sai sun sauka kaf, an share ɗakuna, an canza zannuwan gado, an loda abinci. Wajen sha ɗaya zuwa sha biyu ake fara shigar da mutane, ɗakuna kuwa sai kusan ƙarfe ɗaya ko biyu. Wanda ya zo da hantsi zama zai yi a zauren jira, in ya shiga kuma ya yi ta yawo da jakar hannu.

Kamfanin yana barin mutum ya zaɓi lokacinsa tun yana cike takardu a intanet. Mun ɗauki ɗaya da rabi, muka yi azahar a masauki, muka fito. Layi ya ragu sosai. Aka karɓi manyan kaya a bakin ƙofa, aka duba fasfo, aka ba kowa katinsa, wanda shi ne makullin ɗaki kuma da shi ake biyan komai a ciki. Wata ma'aikaciya ta hango yadda Hajiya, mahaifiyata, ke dafa bango, ta kawo keken guragu ba tare da mun roƙa ba. Hajiya ta so ta ƙi. Na ce, "Inna, ki daure ki hau, gadar shiga na da tsawo." Ta hau. Kafin la'asar tana kwance a ɗakinta, ta miƙe ƙafa. Wannan kulawa ta burge ni ƙwarai.

Wani bawan Allah da muka haɗu a wurin cin abinci ya ce tun tara da rabi yake tashar da iyalinsa. Yaran sun galabaita, ƙaramar tana barci a kan jaka. Ribar da ya samu ita ce abincin rana kafin cunkoso. Ga matashi mai son zagaya jirgi wannan riba ce, amma ga mai tsoho ko goyo ba ta kai wahalar ba.

Jinkiri ya fi sammako haɗari nesa ba kusa ba. Ana rufe shiga awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi, kuma wanda ya makara ba a jiransa. Ga kuma atisayen ceto, inda ake nuna wa kowa wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto, a sanar da shi ƙarar gaggawa: busa bakwai gajeru, ɗaya doguwa. Kada a raina shi. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya yi karo da dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Bayan nan ne aka tsaurara doka, ya zama sai an yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Ina so Hajiya ta saurare shi a natse, ba tana haki ba.

Inda kamfanin ya gaza shi ne manyan kaya. Namu sai bayan magariba suka iso ƙofar ɗaki, kuma babu wanda ya gargaɗe mu da baki. Allah Ya sa maganin hawan jinin Hajiya da dardumarta da kayan canji suna jakar hannu. Maƙwabciyarmu nata maganin yana babban akwati, hankalinta bai kwanta ba sai da ya zo.

A kwana a Jidda daren jajibirin tafiyar, ko da daga Makka za a taso, duk da tazarar ba ta wuce kilomita 80 ba. In jirgin zai tsaya a Masar ko Jodan, a tabbatar tun kafin biyan kuɗi cewa bizar da ke hannu tana ba da damar fita Saudiyya da sake shiga.