Gargaɗi: Dubu 145 na biya, diskin birkina aka kankare aka mayar min

Jama'a assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma na ga shirun ba zai amfani kowa ba. Naira dubu 145 na tura wa wani bakanike a nan Kano a kan birki da esi. Dubu ɗari da arba'in da biyar. Yau ga motar can a ƙofar gida, ba birkin kirki, ba sanyi.

Kada wani ya ce min ban san mota ba. Shekara tara ina tuƙi, wannan Camry ɗin 2008 ita ce ta uku da na riƙe. Abin da ya kai ni garejin ƙaramin abu ne, in na taka birki sai in ji ƙara, na san fad, wato takalmin birki, ne ya cinye. Sai esin da sanyinsa ya ragu, ga zafin Afrilu, yara na kuka a baya. Kuma ba a hanya na tsince shi ba, abokin aikina ne ya haɗa mu, ya ce shekara biyu yana yi masa aiki.

Ya sa jak, ya cire taya, ya shafa diskin (faifan ƙarfen da fad ke matsewa in an taka birki) da yatsa, ya ce, "Alhaji, zo ka taɓa nan." Na taɓa, na ji ɗan tudu a bakin ƙarfen. Sai ya dube ni ya ce, "Wallahi da iyalina ne za su shiga motar nan, ba zan bari ta fita da wannan diskin ba." Maganar nan har yanzu tana min yawo a ka. Iyalina, ya ce. Ana haka aka kira la'asar, muka yi alwala da buta ɗaya, muka tsaya sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Ku faɗa min, wa zai fito daga masallaci ya ce wa mutumin da suka yi salla tare ya kawo ma'auni? Na ce, "Injiniya, yi abin da ya dace." Diski biyu na gaba dubu 85, fad dubu 25, gas dubu 35. Nan take na yi masa tiransifa, ya nuna min alat ya shigo, ya ce in tafi gida kada rana ta dafa ni, shi zai je kasuwa da kansa ya zaɓo mai kyau.

Bari in gyara, esin aka fara yi, ina tsaye a wurin, kafin a taɓa birkin ma. Yaronsa ya jawo tukunyar gas, ya jona tiyo, minti goma aka ce an gama. Ba a nemi inda yake zuba ba, ba a zuƙe iskar ciki da famfo ba, ba sikeli. Tukunyar koriya ce. Na gan ta da idona, koriya, ban san ma'anarta ba a lokacin. Iska ta fito da sanyi, na ji daɗi, har na ba yaron dubu ɗaya na ruwa.

Kwana tara bayan nan, ko goma, muna hanyar Zariya da maiɗakina da yara, wajen Kwanar Dangora wata tirela ta rage gudu a gabana. Na taka birki, sitiyari ya kama rawa a hannuna, fedar tana bugun ƙafata. Allah ne ya tsare. Esin kuwa tun kafin tafiyar ya fara wani gurnani, muna dawowa ya ɗauke gaba ɗaya.

Wani dattijon makaniki na kai wa, shi ya buɗe min ido. Ya goge gefen diskin da burushin waya ya nuna min rubutu a jikin ƙarfen, "MIN TH 25". Ya ce kowane diski yana zuwa da wannan, shi ne kaurin da in ya yi ƙasa da shi sai a jefar. Na motata sabo milimita 28 ne, iyakarsa 25. Ya sa ma'auni, bai kai 24 ba. Diskin da na biya dubu 85 kwana goma da suka wuce! Ya ce an kai shi injin ne an kankare fuskar ta yi sheƙi, an fesa fenti a tsakiya. Ƙarfe in ya sirance ba ya jure zafi, shi ya sa sitiyari ke rawa. Da muka juya na hagun sai ga wani tabon guduma da na sani tun lokacin da aka canja min bearin na taya bara. Nawa ne. Diskina ne na da, aka kankare aka sayar min. Kuma dattijon ya ce ɗan tudun nan da aka sa na taɓa kusan kowane diski da ya yi aiki yana da shi, ba shi ne hujja ba. Ƙila da fad kawai aka sa min da na wuce lafiya, yanzu an cinye ƙarfen, dole in sayi wasu.

Sai esin. Ya ɗaga bonet ya nuna min takardar da ke manne a ciki, an rubuta R134a da nauyin da za a zuba, wajen rabin kilo. Tukunyar wannan gas ɗin shuɗiya ce mai haske. Koriyar nan R22 ce, ta esin ɗaki, ƙarfinta ya fi abin da kwamfiresar mota, wato famfon da ke tura gas ɗin esi, ke ɗauka. Yana jona gejin auna ƙarfin gas ya girgiza kai, allura ta wuce inda ya kamata tun injin motar yana kashe. Kwamfiresa ta tafi. Ya kuma ce gas ɗin esi ba fetur ba ne da zai ƙare don an yi amfani da shi, a rufe yake zagayawa, in ya ragu to akwai inda yake zuba. Nawa wata 'yar roba ce a mahaɗin tiyo ta bushe. Roba! Ita ce ta ja min dubu 35, yanzu ga kuɗin wata kwamfiresar a kaina.

Ina da hoton alat ɗin, dubu 145 cif, da hoton ma'aunin a kan diskin, da saƙon muryar da ya turo min yana cewa "sabo dal a leda". Zan ɗora su duka da daddare in na rufe lambobin. Sunansa da na garejin ban sa ba tukuna, abokin aikin nawa ya roƙe ni in bari ya yi magana da shugaban ƙungiyarsu.

Ku dai kada ku bar mota ku tafi. A auna diski a gabanku, ku ga sabon a kwalinsa, ku karɓi tsohon ku sa a but. Gas kuma ku karanta abin da ke jikin tukunya, kuma sai an gano inda yake zuba.

Na kira shi ya fi sau ashirin. Da farko ya ce kasuwa ce ta cuce shi, to tabon gudumar fa, ita ma kasuwa ce ta yi? Daga nan waya a kashe. Jiya na je, yaran suka ce Oga ya yi tafiya. Ranar Asabar zan koma da diskin biyu a hannuna, in ajiye su a ƙofar masallacin nan da muka yi la'asar, ya maimaita min maganar iyalinsa a gaban mutane.