Neon tetra ko tiger barb: wanne ya fi zaman lafiya a tanki?

Dukansu kifayen ado ne da ake kiwo a tankin gilashi, masu yawo garke-garke, amma halinsu ba ɗaya ba.

Neon tetra, ɗan yankin kogin Amazon, bai wuce santimita 4 ba. Guda 10 na zama lafiya a tankin lita 60 mai ciyayi. Idan ba su kai 6 ba, sai su riƙa ɓuya, launinsu ya dushe. Suna zaman lumana da ƙananan kifaye irin su guppy da corydoras, amma babban angelfish haɗiye su yake yi.

Tiger barb, ɗan Indunusiya mai kai santimita 7, shi ne mai rigima. 'Yan garken kullum cikin korar juna suke don neman fifiko. In sun kai 8 ko 10, fitinar a tsakaninsu take ƙarewa. In uku ne kacal, sai su koma gatsar jelar guppy, betta da angelfish har ta yage, cuta ta shiga. A ba su tankin lita 100 zuwa sama, tare da kifaye masu sauri irin su zebra danio.

Ga sabon shiga, neon ya fi sauƙi, muddin tankin ya yi wata guda yana aiki. A Jos kuwa, daren hunturu sai da hita a digiri 25, kowanne aka zaɓa.